Furen da ke Shimfiɗa a kan Duwatsu

A ƙasashen sanyi, kamar su Norwe da Sikotilan da Aisilan, akwai manyan duwatsu waɗanda itatuwa ba su iya tsirowa a ƙwanƙolinsu. Iska tana kaɗawa dare da rana, ƙasar wurin duk tsakuwa ce, in an yi ruwa nan da nan sai ya tsiyaye. Duk da haka akwai wani ɗan tsiro da ya mai da wurin gidansa. Sunansa Dirayas. Wani masani na ƙasar Suwidin, wai shi Linne, shi ya rubuta shi da wannan suna cikin littafinsa a shekara ta 1753.

To, yaya ya ke rayuwa inda manya suka kāsa? Asirinsa shi ne ba ya miƙewa tsaye. Rassansa bin ƙasa su ke yi, suna sarƙewa har su rufe dutse kamar tabarma. Tsawonsa duka bai kai taƙi guda ba. Saboda haka iska sai ta wuce ta bisansa, ɗumin da dutse ya sha da rana kuwa ya tsaya a jikinsa.

Ganyensa ƙanana ne masu kauri, ƙarƙashinsu da farin gashi. Gashin nan shi ke hana iska ta shanye ruwan da ke cikinsu.

Furensa fari ne, tsakiyarsa rawaya, galibi da kunnuwa 8. Siffarsa kamar 'yar tasa, yana kuwa juyawa yana bin rana, har tsakiyarsa ta fi waje ɗumi. Ƙudaje su kan zo shan ɗumin, sa'an nan su kwashi garin fure su kai wa wani furen. Ta haka a ke samun iri.

In irin ya nuna, kowace ƙwaya ta kan fid da dogon gashi kamar na tsuntsu. Iskar nan da ta hana itatuwa tsayawa, ita ce za ta ɗauke ta, ta kai ta wani dutse. Kun ga abokin gāba ya zama ɗan aike. Gaskiyar masu iya magana, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Tambayoyi

1. Don me Dirayas ba ya miƙewa tsaye?
2. Mene ne amfanin gashin ganyensa?
3. Wa ke yi masa shuka?