Maganin kashe zafin ido a asibitin dabbobi: ɗigo ɗaya, minti 15

'Yan uwa na sashen Kiwon Lafiyar Dabbobi, musamman masu shirin fita koyon aiki, akwai wata 'yar kwalba da za ku tarar a firijin asibitin dabbobi wadda ya kamata ku san ta tun yanzu. Maganin ɗigawa ne da ke kashe jin zafi a saman ido. Wanda aka fi amfani da shi shi ne furofarakain, ana sayar da shi da sunan Alcaine, sai ɗan uwansa tetirakain wanda ya fi shi raɗaɗi idan an ɗiga. Tushen abin a Biyana ne, a 1884, lokacin da Karl Koller ya nuna cewa koken yana kashe jin ido.

Aikinsa shi ne toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyoyin koniya, wato gilashin nan da ya rufe baƙin ido. Idan sodiyam bai shiga ba, saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa. Cikin minti ɗaya ya kama. A kare, ɗigo ɗaya yana kai kimanin minti 45, amma ƙarfinsa na gaske minti 15 ne na farko. A kyanwa lokacin ya fi gajarta, wajen minti 25. Don haka ka shirya kayan aikinka kafin ka ɗiga, ba bayan ka ɗiga ka fara neman hantsaki ba.

Ana ɗiga shi ne don likita ya samu ya yi aiki: auna matsin ido idan ana zargin gilakoma, cire ƙaiƙayi ko tsakuwar da ta maƙale a bayan fatar ido ta uku, ko wanke bututun hawaye.

Tsarin gwaji yana da muhimmanci, kuma nan ake yawan faɗuwa a jarrabawar aiki. Gwajin hawaye da 'yar takardar nan da ake maƙalawa a fatar ido shi ake fara yi, domin idan ido ya mutu hawaye na raguwa, sai ka ga lafiyayyen kare kamar mai bushewar ido. Haka ma samfurin da za a kai lab, a ɗauke shi tukuna, saboda sinadarin da ke hana maganin lalacewa yana iya hana ƙwayoyin cuta tsirowa.

Yanzu ga inda rigimar take. Mai kare ya ga dabbarsa da ta kwana tana runtse ido ta buɗe shi tar, sai ya ce, "Likita, a ba ni in tafi da shi gida mana." Kada ka ba shi, ko zai biya ninki biyu. Yawan ɗiga shi yana lalata saman koniya, yana hana gyambo warkewa. Ga shi dabbar ba ta jin komai, ƙiftawa ta ragu, ido ya bushe, ta sosa da farce ba ta sani ba. Ƙaramin ƙarzuwa sai ya zama gyambo mai zurfi har ido ya fashe. Abin da ake sallamar mai dabba da shi daban ne: maganin ƙwayoyin cuta, maganin zafi na sha idan likita ya rubuta, da kwalar roba mai hana sosawa.

Furofarakain a firiji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da haske. Da yake wutarmu sai a hankali, duba launinsa kafin ka ɗiga. Ruwan garau yake kamar na sha; idan ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, jefar da kwalbar a buɗe sabuwa.