DARASI: ƊALIBI DA NAUYIN ZUCIYA

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Manufa: Mu gane cewa matsananciyar damuwa ciwo ce mai magani, ba alamar rashin bangaskiya ba.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyalanmu na Arewa da ke zaune a Ogbete, cikin birnin Enugu, suna da 'ya'ya a Jami'ar Najeriya ta Nsukka da sauran manyan makarantu. Iyaye kan tambayi sakamakon jarrabawa, amma ba safai suke tambayar lafiyar zuciya ba. Alhali kuwa kuɗin makaranta, tsoron faɗuwa, baƙunci da rashin tabbacin aiki suna nan suna cin yaron. A 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas cur. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon damuwa.

Bayani

Iliya ya yi nasara a Dutsen Karmel, amma barazanar Yezebel ta sa ya gudu jeji, har ya roƙi mutuwa. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tsawata masa ba. Da fari ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Sa'an nan a Horeb ya saurari kukansa. Daga bisani ya nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, ya kuma ba shi Elisha. Wato hutu, sauraro, da zumunci.

Aikatawa

In ɗanku ya daina barci, ya ƙi abinci, ya janye daga zumunta, ko yana zancen mutuwa, kada ku ce taurin kai ne ko aljanu. Ku zauna ku ji shi, ku sanar da fasto, ku kai shi wurin likita ba da jinkiri ba. Akwai Asibitin Tarayya na Lafiyar Ƙwaƙwalwa a New Haven, cikin Enugu. Addu'a da magani ba sa gaba da juna.

Tambayoyi

1. Me ya sa Allah ya fara da abinci kafin magana?
2. Wane ne Elisha ga ɗalibin gidanku?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu kunnen sauraron 'ya'yanmu. Amin.