Yadda Ake Ɗibar Fitsari Don Gwajin Tsargiya

Duk wanda ya tashi a Yelwa, ko Wara, ko ƙauyukan Shanga na bakin kogin Kwara, ya san yaron da jini ke biyo ƙarshen fitsarinsa. Har yau akwai gidajen da ake cewa alamar balaga ce, alhali tsargiya ce. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, katantanwar da tsutsar cutar ke rayuwa a cikinta ta ƙara samun wurin zama, yaranmu kuwa kullum suna cikin ruwan, ko wanka, ko su, ko tura kwalekwale. Tsutsar kan huda fata ta shiga, ta girma, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta riƙa zuba ƙwai. Ƙwan nan ma'aikacin lab ke nema a madubin likita, kuma ganinsa ya dogara ƙwarai a kan yadda aka kawo fitsarin.

A fara da mazubi. A karɓi robar da ake bayarwa a asibiti, mai faɗin baki da murfi mai murɗawa. Kwalbar lemo, ko ta maganin tari da aka ɗauraye, ba ta yi, domin ragowar siga ko sabulu na iya ɓata sakamako. Kafin a shiga bayi a rubuta suna, shekaru, kwanan wata da lokaci a jikin robar. A jiki nake cewa, domin murfi kan musanya, musamman ranar da aka tara 'yan makaranta, ga Abubakar uku a aji ɗaya.

Sai lokaci, kuma a nan ne akasari ake kuskure. Mutane sun saba jin cewa fitsarin asuba ake kai wa likita. Wannan gaskiya ne ga gwajin ciki. Amma ƙwan tsargiya ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, wato daga hantsi zuwa azahar. Uban da ya tashi ɗansa da asuba ya tari fitsari, ya tsallako ruwa da shi a aljihu, ya sha wahala da kyakkyawar niyya, amma yana iya komawa da takarda mai cewa ba a ga komai ba, cutar kuwa na nan tana cin yaron. Gara a taho da yaron kansa, ya yi fitsarin a asibiti.

Idan lokacin ya yi, a wanke hannu, a buɗe robar ba tare da yatsa ya taɓa cikinta ba. Yaro ya fara fitsari a ƙasa, idan ya ji ya kusa ƙarewa sai ya kara robar, ya tari na ƙarshen har ɗigon da ke fita da yunƙuri. A wannan matsewar ta ƙarshe mafitsara ke fitar da ƙwai da jini. Mililita 10 ake tacewa, kimanin cokalin shayi biyu, amma a kawo fiye da haka kaɗan. Ƙaramin yaro sai uwa ko yayansa ya tsaya a kansa, domin yara kan cika roba da na farko su ruga waje.

A kula da buta. Kada ruwan tsarki ya ɗiga a cikin robar, kada kuma a ƙara ruwa don fitsarin ya yi auki. Ƙwan tsargiya da ya ji ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya fice, gwajin ya rikice. A rufe robar gam tukuna, a ajiye ta gefe, sannan a yi tsarki.

Idan kuwa ciwon sanyi na mafitsara ake zargi, tsarin ya juya: a yi tsarki da ruwa mai tsabta, a bar na farko ya zube, a tari na tsakiya, kuma kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka a tambayi ma'aikaci, "Malam, na tsakiya ko na ƙarshe?" Mace mai al'ada ta faɗa, ko a ɓoye ne ga ma'aikaciya, don kada a ɗauki jinin a matsayin na cuta.

Fitsari ba ya jira. A miƙa shi cikin awa ɗaya, kada ya wuce biyu, a leda mai duhu, nesa da rana. Ma'aikatan da ke zagaya tsibiran Gungawa kan ɗiga masa sinadarin fomalin don ƙwan ya tsaya yadda yake har a isa gari.

A lab za a tsoma ɗan tsinken gwaji mai nuna jinin da ido ba ya gani, sannan a tace fitsarin a duba. Ƙwan dogo ne, da 'yar ƙaya a ƙarshensa. Idan an ƙirga 50 ko fiye a mililita 10, cutar ta yi yawa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Maganinta firazikwantel, ana auna shi da nauyi ko tsayin yaro, a sha bayan an ci abinci. In ba a ga ƙwai ba alhali jini na zuwa, kada a haƙura, a sake kawo wani washegari da hantsi, har kwana uku in ta kama.