A auna ƙarfin mai kafin a wanke nozil

Wani direban haya ya kawo motarsa garejina tana shaƙewa idan ya taka totur, a silo kuma sai karkarwa. Sau biyu aka wanke masa nozil, ya kuma zuba maganin wanke injekta har kwalba uku a tanki. Na ce, "Malam, an taɓa ɗaura mata geji?" Ya ce a'a. Da na ɗaura, allura ta tsaya a bar 2, alhali injinsa bar 3 zuwa 3.5 yake buƙata. Famfon mai ne ya gaji. Nozil ɗin lafiya lau suke.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kuɗin talaka ne ke zubewa. Injekta ba kafireta ba ce da za a gyara da kunne. Kwamfutar mota tana buɗe nozil na ɗan ƙiftawar ido, bisa lissafin cewa mai na zuwa da ƙarfin da aka tsara. Idan ƙarfin ya faɗi, man da ya kamata ya fita kamar hazo sai ya riƙa ɗiga, kuma duk wankin duniya ba zai gyara wannan ba.

Galibin motocinmu, irin su Corolla na shekarun 2000, suna fesa mai ne a bayan bawul, da ƙarfin bar 3 zuwa 4, kaɗan ya ɗara iskar taya. Masu fesawa kai tsaye cikin silinda, waɗanda ake kira GDI, suna kaiwa bar 200, sababbi har 350. A irin waɗannan mai ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska, saboda haka baƙin da ya taru a can maganin tanki ba ya isa gare shi, sai an kwance an kankare.

Maganin yana da ranarsa. Wanda ke ɗauke da sinadarin PEA yana narkar da ƙananan datti, musamman a motar da ke yawan gajeren zirga-zirga. Nozil da ya toshe sosai kuwa, na'urar wanki yake so, a gwada feshinsa a gani. Don Allah, ’yan'uwana makanikai, a daina cusa masa allura ko waya. Ramin ya fi ƙarfin idonmu.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, famfon mai nake canzawa fiye da da. Mutane na zuba lita biyar-biyar, famfon kuwa a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Ga kuma man jarka na bakin titi mai ruwa da ƙasa, wanda ke toshe filta.

A injin dizal na zamani kuwa, ƙarfin man yakan haura bar 2,000. Yarana na gareji sun san dokata: ba a laluben yoyo da hannu inji na aiki, domin man yana huda fata ya shiga nama. Wanda hakan ya same shi, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba, asibiti za a kai shi a take.