Bitar Fiziks da Kemistiri: Matani a Littafi, Sharhi a Tsakar Gida

Wani bawan Allah ya rubuto mini takarda daga Gusau, yana kukan cewa ɗansa, wanda yake aji uku na ƙaramar sakandare, kuma jarrabawar fita ta BECE tana ƙaratowa, yaro ne da ba shi da lalaci ko kaɗan, domin kuwa kullum bayan sallar isha'i yakan zauna da littafin kimiyya har barci ya sace shi, kuma yana iya kawo ma'anar kowace kalma da ka kamar yadda aka buga ta. Amma da zarar malami ya juya tambaya ta wata fuska, ko ya ɗora masa lissafi, sai ya tsaya cik kamar wanda bai taɓa jin zancen ba. Mahaifin ya ce shi kansa karatunsa na zaure ne, bai yi nisa a boko ba, saboda haka yana tambaya ko akwai abin da zai iya yi wa yaron ban da addu'a da biyan kuɗin makaranta.

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Akwai abin yi, kuma karatun zauren nan da kake ganin bai isa ba, a cikinsa maganin yake. Ka tuna yadda almajiri yake kai Ahalari ko Ishmawi gaban malami: malam ya karanta matani da Larabci, ya fassara shi gaɓa-gaɓa da Hausa, sa'an nan ya yi sharhi da mas'aloli, ya ce idan mutum ya manta sujada a raka'a ta biyu yaya zai yi, idan ya ƙara ruku'u mene ne hukuncinsa, kuma ba wanda zai shaidi almajiri da sanin littafin don ya haddace lafazinsa, sai ranar da aka jefa masa mas'alar ƙabli da ba'adi ya warware ta. To, illar da ta sami ɗanka, wadda na daɗe ina ganin irinta a cikin shekarun da na yi ina koyarwa, ita ce an ba shi matani da Turanci, harshen da bai gama ƙwarewa a cikinsa ba, ya haɗiye shi ɗanye ba fassara ba sharhi. Abin da ya rage masa a watannin nan shi ne ya biya waɗannan basussuka biyu.

Mataki na farko shi ne fassara. Duk ƙa'idar da ya karanta, ya rufe littafin, ya zo ya faɗa maka ita da Hausa irin wadda kakarsa za ta gane. Idan harshensa ya sarƙe, to alama ce cewa ma'anar ba ta zauna ba, ya koma ya sake dubawa ko ya tambayi malaminsa. Bayan ta zauna, sai ya mayar da ita cikin lafazinta na Turanci ya rubuta, tun da yake da Turanci za a jarraba shi. A wurin wannan fassara ne zai gano cewa akwai kalmomin da muke haɗa su wuri ɗaya a zancen yau da kullum, alhali masana kimiyya sun rarrabe su, kuma a kan waɗannan tagwaye ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe.

Ɗauki mas da nauyi, alal misali. Mas shi ne yawan abin da ke cikin jiki, ana auna shi da kilogiram. Nauyi kuwa shi ne ƙarfin da ƙasa take jawo jikin da shi zuwa gare ta, ana auna shi da niyuton. Buhun gero mai kilo 50 ƙasa tana jansa da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton 500, domin kowane kilo ɗaya tana jansa da kusan niyuton 10; da za a kai wannan buhu duniyar wata, inda ƙarfin ja yake kimanin kashi ɗaya cikin shida na namu, da yaro ƙarami ma ya ɗaga shi, amma da yake ko ƙwayar gero ɗaya ba ta ragu ba, mutanen da zai ciyar a can su ne zai ciyar a nan, wato nauyinsa ne ya sauya, mas ɗinsa yana nan kilo 50. Haka kuma yawan zafi da darajar zafi: allurar da aka ƙona ta yi ja ta fi tukunyar ruwan wanka darajar zafi nesa ba kusa ba, amma jefa ta cikin bokitin ruwan sanyi ba zai ɗumama shi ba, tukunyar kuwa idan aka juye ta sai ya yi ɗumi, domin makamashin zafin da ta tara ya fi yawa. Na uku shi ne densiti, wato yawan mas a cikin wani ƙayyadadden girma. Na ruwa giram 1 ne a kowane gurbi mai tsawo da faɗi da zurfin santimita ɗaya-ɗaya, na ƙarfe ya kusa 8, na man gyaɗa bai kai 1 ba. Shi ya sa mai yake tasowa a kan miya, ƙusa kuwa take nutsewa, amma kwanon ƙarfe yake yawo a kan ruwa, saboda shi da iskar da ke cikinsa, idan aka haɗa, ba su kai ruwan da za su ture nauyi ba.

Mataki na biyu shi ne sharhi, kuma a nan ina roƙonka kada rashin ɗakin gwaji a makarantarsu ya karya maka gwiwa, domin kuwa tsakar gidanka ta ishe shi a wannan mataki na karatu, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ka kai shi gaban randa ka tambaye shi dalilin da ruwanta ya fi na robar da ke kusa da ita sanyi. Amsar ita ce ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, iska tana kwashe shi ya zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi, saboda haka abin da ya rage a ciki sai ya huce. Idan ya gane wannan, da kansa zai gaya maka dalilin da randa ta fi sanyaya ruwa lokacin da iska take a bushe fiye da tsakiyar damina, da kuma hikimar da ke cikin gumin ɗan Adam. Idan hadari ya haɗo, ya ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa: haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa kimanin mita 340 kacal, don haka kowace daƙiƙa uku da ya ƙirga tana nufin nisan kilomita ɗaya. Kuma wannan hanya ta gwadawa da ido kafin yanke hukunci tana da asali a wurin magabata, domin Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda aka haifa wajen shekara ta 965, da gwaji ne ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo, bayan da yawa daga masanan da suka gabace shi sun ɗauka ido ne yake fitar da hasken.

A fannin kemistiri, wato ilmin sinadarai, ɗakin girkin mahaifiyarsa ya fi kowane wuri albarka. A jiƙa zoɓo a tace, a raba ruwan a kofuna uku masu haske. A matsa lemun tsami a na farko, za a ga jansa ya ƙara fitowa. A zuba ruwan kanwa a na biyu, za a ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi yadda yake don kwatance. Abin da yaron ya gani shi ne bambancin asid da kishiyarsa alkali, kuma zoɓon ya yi masa aikin da takardar litmos take yi a makaranta. Idan ya ci gaba da matsa lemun tsami a kofin kanwar, zai ga ƴan kumfa suna tashi, ja kuma yana dawowa, wato ɗaya ya kashe kaifin ɗaya, kumfar kuwa iskar kabon dayoksaid ce. Daga nan ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14 kuma 7 take tsakiyarsa, zai daina zama lambobi marasa rai a gare shi: tsamiya da nono mai tsami suna ƙasa da 7, kanwa da ruwan toka da sabulu suna sama da ita. Ita kanta kalmar alkali daga Larabci Turawa suka aro ta, daga sunan tokar wata shuka da ake yin sabulu da ita, kamar dai yadda iyayenmu mata suke yin sabulun salo da ruwan toka.

Haka nan bambancin canjin siffa da canjin asali. Gishirin da aka narkar a ruwa yana nan gishirinsa, idan ruwan ya ƙafe zai dawo, kuma da wannan ƙa'ida ce mutanen Bilma a Nijar suke samun gishirin da ayari yake ɗaukowa. Amma icen da ya ƙone ya zama toka ba ya komawa ice, domin ya haɗu da oksijin ya zama wasu abubuwa dabam. Idan yaron ya ce ai tokar ba ta kai icen nauyi ba, ina sauran ya tafi, to ka yi murna, domin ya isa ƙofar ƙa'idar da Bafaranshen nan Lavoisier ya bayyana a littafinsa na shekarar 1789, cewa a cikin irin wannan canji ba abin da yake ɓacewa, sauran ya tashi ne ya shiga iska. Ya kuma sami ƙusa uku, ɗaya a busasshiyar kwalba mai murfi, ɗaya rabinta a ruwa rabinta a waje, ɗaya a cikin man gyaɗa. Bayan mako guda zai ga wadda ta yi tsatsa, ya tabbatar da cewa tsatsa ba ta samuwa sai ruwa da iska sun taru a kan ƙarfe.

Mataki na uku shi ne tishe, kuma kai ka fi ni sanin cewa mahaddacin da ya bar tilawa, haddarsa zubewa take yi. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna a shekarar 1885 cewa mantuwa ta fi gaggawa a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta rarrabe ta fi maimaitawa a zama ɗaya amfani. Saboda haka a rage masa dogon zaman daren nan. Rabin sa'a zuwa minti arba'in a kowace rana, da hankali a kwance, ya fi masa. Babin da ya karanta yau, ya waiwaye shi gobe, sa'an nan bayan kwana uku, sa'an nan bayan mako, sa'an nan bayan wata, kuma kowace waiwaya ya fara ta da littafi a rufe, ya rubuta abin da ya tuna a farar takarda, daga baya ya buɗe ya gwada. Domin sake karanta shafi yana sa wa ɗalibi jin cewa ya sani alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin. Ya keɓe ƙaramin littafi na kurakuransa, duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta tare da sababin faɗuwar, ranar Alhamis ko Juma'a ya bi ta kansu. Makonni shida na ƙarshe su zama na tsofaffin takardun jarrabawa, da agogo a gabansa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da lissafi, wanda ka ce shi ne ya fi ba shi tsoro, ya lazimci tsari guda a kowace tambaya: ya rubuta abin da aka ba shi, da abin da ake nema, da ƙa'idar da ta haɗa su, kafin ya taɓa lamba. Idan an ce dutse yana da mas na giram 60, kuma da aka jefa shi cikin kwalbar awo ruwa ya tashi daga 50 zuwa 74, to girmansa 24 ne, densitinsa kuwa 60 a raba da 24, wato 2.5, kuma lallai ya rubuta ma'aunin a gefen amsar, domin lamba ba tare da ma'auninta ba kamar a ce maka farashi goma ne ba a ce naira ko kwabo ba. Sa'an nan ya tambayi kansa ko amsar ta dace da hankali: dutse yana nutsewa, don haka dole densitinsa ya wuce 1.

Akwai gargaɗi da ya wajaba in yi maka. Gwajin lantarki ya tsaya a batirin tocila, mai bolt ɗaya da rabi, da ɗan ƙwan fitila da waya. Kada ya kusanci wutar soket da sunan gwaji, kada ya ɗanɗana ko ya taɓa ruwan batirin mota, kada kuma ya gauraya magungunan wanki ko na ƙwari don ya ga abin da zai faru. Ya kuma koya wa mutanen gida cewa gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum yana cikin barci. Ilmin da ya tsare ran iyali ya riga ya yi amfani tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Aikinka kai, Malam, bai wuce ka ba shi kunnenka na ɗan lokaci bayan magariba ba, ka zauna masa a matsayin malamin zaure mai jefa mas'ala. Ba sai ka san amsar ba. Ka dai riƙa tambayarsa don me, kuma ta yaya aka sani, kada ka sake shi sai ya yi maka bayanin da kai kanka ka gamsu da shi. Ka fara yau da randar da ke tsakar gidanka. Allah ya buɗa masa, ya sa ilmin ya zama mai amfani gare shi da al'umma baki ɗaya, amin.