Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Ɗalibin Zamantakewa da Lissafi?

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko yana tambaya: shi da ke karatun halayyar al'umma, don me ake tilasta masa darasin ƙididdiga da dabarun bincike?

To malam, ka saurari abin da ya faru a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta tattara ra'ayin mutum sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta kwaso yawancin sunayen ne daga littattafan tarho da rajistar motoci, wato masu hali, a lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu. Wani mai auna ra'ayin jama'a kuwa, George Gallup, da mutane kaɗan idan aka kwatanta da na mujallar amma zaɓaɓɓu daga kowane rukuni, ya faɗi daidai.

Mai sayen gero ma yakan zura hannu har ƙasan buhu kafin ya biya. Darasin ƙididdigar nan shi zai koya maka wa za ka tambaya, mutum nawa, da yadda za ka auna amsoshinsu. Ka daure ka riƙe shi da kyau, malam, don aikin bincikenka na shekarar ƙarshe a kansa zai tsaya.