Wane Alminiyom Za Ka Ɗora a Injin Tur?

Aikin da ke zuwa shagon mai tur a Gaweye da sauran unguwannin ƙetaren kogi na birnin Yamai sananne ne. Mai lambu ya kawo mahaɗin tiyon injin ban ruwa da ya tsage, mai injin niƙa na neman fuli, mai babur na son bushin, wani lokaci kuma ɗalibi daga makarantar EMIG ya zo da zane a takarda, kowane awo an rubuta shi har zuwa ɗaya bisa ɗari na milimita. Dukansu alminiyom suke so, don ba shi da nauyi kuma ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Sai maigida ya aiki yaro ya haye Gadar Kennedy zuwa kasuwar Katako, ya ce masa ya sayo sanda mai kauri kaza. Kaurin kawai aka faɗa, ba a faɗi iri ba, kuma yawancin aikin da ke lalacewa daga nan yake lalacewa.

Alminiyom da ake sassaƙawa gauraye ne, an zuba masa wasu ƙarafa don ya yi ƙarfi, kuma kowane haɗi da halinsa a bakin wuƙa. Tsantsarsa, mai lamba 1050, taushi gare shi. Yana liƙewa a bakin wuƙa, fuskar aikin ta fito a yayyage, ɓarɓashin kuma ya yi ta fitowa dogo yana nannaɗe injin. Na tagogi da ƙofofi, wato 6060 da 6063, ya ɗan fi shi, amma shi ma danƙo gare shi. Wanda ke son awo ya tsaya daidai, ramin noti ya fito da haƙora masu tsabta, sai ya nemi wanda aka yi musamman don sassaƙa.

Masu daɗin yanka

Sarkinsu shi ne 2011, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1930. A takardun Faransanci za ka gan shi da tsohon sunansa, A-U5PbBi. Yana da jan ƙarfe kashi 5 zuwa 6 cikin 100, da ɗan bismut, da 'yar dalma, ina nufin dalma ta ainihi, mai nauyin nan ta cikin batirin mota. Waɗannan biyun ba sa narkewa cikin alminiyom, sai dai su barbazu ƙanana a jikinsa. Idan wuƙa ta zo, zafin yanka ya tausasa su, ɓarɓashin ya yi ta kakkaryewa gutsi-gutsi kamar tsakin masara, ya zube ƙasa da kansa. Fuskar aiki na fitowa sumul, wuƙa na daɗewa, kuma kana iya sakin injin ya yi gudu. Danginsa su ne 2007 da 2030, wanda Faransawa ke kira A-U4Pb, su kuma dalmarsu ta fi yawa, tana kai kashi 0.8 zuwa 1.5.

Amma daɗin yanka ba shi ne ingancin aiki ba. Abubuwa uku ne 2011 ba ya so. Na farko ruwa: jan ƙarfen da ke cikinsa na sa ya yi ta cinyewa, ya yi ramuka, ya fitar da farin gari. Na biyu walda: tsagewa yake yi. Na uku zafi: haɗin dalma da bismut na narkewa a wajen digiri 125, don haka guntun da zai zauna kusa da salansa ko kan inji, yana shan zafi da duka, bai kamata a yi shi da wannan ba. Inda ya dace shi ne ƙananan kaya masu yawa da za su zauna a busasshen wuri: noti, maɓalli, mahaɗin na'urar awo, kayan cikin akwatin lantarki.

Akwai kuma masu daɗin yanka na dangin 6000. Shi 6262 yana da dalma da bismut, amma jan ƙarfensa kaɗan ne, don haka yana jure ruwa fiye da 2011 nesa ba kusa ba. Shi kuma 6026 ya yi kasuwa ne bayan Tarayyar Turai ta ƙayyade dalma a alminiyom na kayan lantarki da kada ta wuce kashi 0.4. Bismut ne ke yi masa yawancin aikin, kuma akwai nau'insa da ba a zuba masa dalma ba. Idan aikinka mahaɗin injin ban ruwa ne mai haƙora da yawa, kuma ka samu 6026, to ka samu abin da ake nema.

Waɗanda aka fi samu

A Yamai ba kullum za ka ga waɗancan lambobi ba. Nijar ba ta narka alminiyom daga ma'adini, duk sandar da ka gani shigo da ita aka yi, ta Lome, ta Najeriya, ko a jikin tsohuwar na'ura. Don haka ka san halin ukun nan da aka fi cin karo da su.

Na farko 2017A, wato AU4G, wanda tsofaffin ma'aikata ke kira dural. Asalinsa binciken Bajamushe Alfred Wilm ne, wanda ya gano a 1906 cewa alminiyom mai jan ƙarfe yana ƙara tauri da kansa kwanaki kaɗan bayan an gasa shi an tsoma a ruwa. Ba a zuba masa dalma ba, yana yankuwa da kyau, ɓarɓashinsa gajere ne daidai gwargwado, kuma yana da ƙarfi. Fuli, gidan boris, faranti mai ramuka, duk yana yi. Shi ma dai ba na ruwa ba ne, ba na walda ba.

Na biyu 6061 da ɗan'uwansa 6082. Su ne na aikin da zai sha ruwa ko za a yi wa walda. Laifinsu ɗaya, dogon ɓarɓashi, kuma ana maganinsa da wuƙa mai kaifi da ƙara ci kaɗan. Ka tuna cewa wurin da aka yi wa walda ƙarfinsa na raguwa sosai, don haka a ƙara masa kauri tun a zane.

Na uku 7075, mai tutiya wajen kashi 5 zuwa 6, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Fortal da Zicral. Ƙarfinsa ya kusan ninka na 6061, ya kai na baƙin ƙarfen gini har ya wuce. Yana yankuwa tsaf, amma da tsada, ba a yi masa walda, kuma damshi na cutar da shi. Ajiye shi don guntun da zai ɗauki nauyi da gaske.

Bayan lamba akwai harafi, kuma shi ma rabin magana ne. 6061 mai alamar O taushi ne, 6061-T6 kuma shi ne mai taurin da kake so. Ka nemi T3 ko T8 a 2011, T4 a 2017A, T6 a sauran. Idan za ka rarake faranti ka bar siririn bango, nemi T651, wato wanda aka miƙe bayan gashi don a cire masa ɗaurin ciki. In ba haka ba, kana kwance shi daga injin zai lanƙwashe.

Idan sanda ba ta da lamba

Fara duba jikinta da bakinta, don masana'antu na buga lamba da tawada ko hatimi. Idan dila ne babba, tambaye shi takardar shaidar masana'anta, wadda ake kira 3.1. Kada ka dogara da launin fentin bakin sanda, kowane kamfani da nasa tsarin.

Idan babu ko ɗaya, akwai gwaji uku da ba sa cin kuɗi. Na farko sikeli. Sanda mai kaurin milimita 30 da tsawon mita ɗaya, in 6061 ce za ta yi wajen kilo 1.91, in 2017A ce wajen 1.97, in 2011 ce wajen kilo 2. Sai da sikelin lantarki mai nuna giram, kuma a auna kauri da tsawo da kyau. Na biyu soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Goge wuri da magagari, ɗiga ruwan soda, ka jira 'yan mintuna. In wurin ya yi baƙi, akwai jan ƙarfe da yawa, dangin 2000 ne ko 7075. In ya tsaya fari ko ya ɗan yi toka, mai yiwuwa dangin 6000 ne ko 5000. Sa safar hannu, ka kare idonka, soda ba ta da wasa. Na uku, yanki ɗan guntu ka ɗora a tur kafin ka biya kuɗin sanda duka. Ɓarɓashi zai gaya maka abin da mai sayarwa bai sani ba.

Gwaje-gwajen nan dangi kawai suke nunawa, ba sa ba da lamba. Don haka sandar da ba a san asalinta ba, a yi fuli da ita ko wani abin da in ya lalace ba a yi asarar rai ba. Kada a yi kayan birki ko na sitiyari da ita.

Haka ma zubin gida. Masu zuba tukwane a Katako gwanaye ne a sana'arsu, kuma sukan zuba wa mai tur dunƙule a farashi mai sauƙi. Amma abin da ke shiga tukunyar narki gwangwanin lemo ne da fistan da firam ɗin taga da waya, kowanne da nasa haɗin. Fistan na ɗauke da silikon wajen kashi 12, wanda ke dakushe wuƙa nan da nan, kuma zubin yashi kan ɓoye kumfa a ciki, sai ka kai awon ƙarshe rami ya bayyana. Ga babban fuli mai tafiya a hankali, babu laifi. Ga gidan boris ko abin da zai riƙe matsin ruwa, araha ba ta ado.

Zafin Yamai ma yana cikin lissafi

Awon da ke kan zane an ɗora shi ne a kan digiri 20, alhali a watan Afrilu zafin garin nan na wuce 40 a inuwa. Alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe: kowace mita tana ƙaruwa da milimita 0.023 a kowane digiri. Ɗauki boris mai lamba 6202, faɗinsa na waje milimita 35 ne, kuma sassaucin da ƙa'idar awo ta H7 ta ba raminsa 0.025 ne kacal. Idan ka auna ramin guntun na da zafin yanka, ya ɗara na shago da digiri 30, to da ya huce zai tsuke da wajen 0.024. Sassaucin duka ya tafi. Don haka ka yi yankan farko, ka bar aikin ya huce tare da ma'aunin a wuri guda, sannan ka yi na ƙarshe. Aiki mai tsanani a yi shi da sassafe.

Wuƙar da ka yanki baƙin ƙarfe da ita kada ta taɓa alminiyom sai an sake wasa ta, an goge fuskarta ta yi santsi, an ba ta kwana mai kaifi. Ɗigon kananzir na hana liƙewa, musamman wurin fitar da haƙora, amma a yi nesa da wuta. Sandar milimita 30 da wuƙar ƙarfe ta yau da kullum, fara da juyi wajen 1,000 a minti, ka ƙara in injin bai yi rawa ba. In noti na tagulla ko na baƙin ƙarfe zai shiga alminiyom a wuri mai ruwa, shafa masa giris, don haɗuwar ƙarafa biyu cikin ruwa alminiyom take ci.

Ina ɓarɓashin ke zuwa?

Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi. Ɓarɓashin shago ana tara shi a buhu a sayar wa masu gwangwan, daga can kuma ya faɗa tukunyar narki, ya dawo gidajenmu a matsayin tukunyar miya da ludayi. In na 2011 ne ko 2007 ko 2030 ko 6262, dalmarsa na tafiya tare da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubin gida a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu idan an dafa abu mai tsami. Mun kuma san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Yaro ƙarami ba shi da adadin dalmar da za a ce ba komai.

Saboda haka ka ware buhu dabam, ka rubuta a jikinsa, kada ka sayar wa mai zuba tukunya. Kada a yi bakin famfon ruwan sha, ko kayan injin markaɗe, ko na tatsar mai da alminiyom mai dalma, 6061 ko 6082 ne nasu. Yaran shago su wanke hannu kafin su ci abinci.

Kafin ka yanke wa mai aiki farashi, yi masa tambaya huɗu: guntun zai taɓa ruwa ko abinci, za a yi masa walda, zai sha zafi, nawa ne nauyin da zai ɗauka? In ya ce ruwa ko walda ko abinci, 6061 ko 6082. In busasshen wuri ne da nauyi matsakaici, 2017A. In nauyi ne mai yawa, 7075. In ƙanana ne ɗaruruwa masu haƙora, 6026, in babu shi 2011. Idan sandar da ake buƙata ta fi ƙarfin aljihun shago ɗaya, masu tur uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi oda tare, su raba. Ranar da ta iso, a buga lambarta a bakinta duka biyu, kuma duk guntun da ya rage bayan yanka a sake rubuta masa lamba kafin a jefa shi ƙarƙashin benci.